Alhaji Ya Faɗi Aibin Haja

Tun da aka tafi hutun ƙwallo na shekarar 1986, Sahadatou ba ta ƙara shan shayin safe da daɗin rai ba.

Kullum ƙarfe tara, da an ɗaga ƙofar kantin mahaifinta a unguwar Guillotière ta birnin Lyon, sai ga Ja'afaru da jarida a hammata. Ja'afaru ɗan kasuwa ne mai sauko da shadda da atamfa daga Paris. Shekara guda ke nan yana neman aurenta, ita kuma tana ba shi haƙuri. Da ya gane wanda take so ɗan ƙwallo ne, sai ya zama mai sayen jaridar wasanni, shi da ko filin wasa bai taɓa shiga ba.

"Alhaji, yau ma an rubuta yaron nan," in ji shi bayan an gama gaisawa. "Sai dai idona ba ya son ƙananan baƙaƙe. Ko Sahadatou za ta karanta mana?"

Alhaji Mamadu ba ya karanta Faransanci, jin sa ma sai tsinta-tsinta. Ya ɗaga kai daga tulin goron da yake yayyafa wa ruwa.

"Karanta, Auta."

Ta karɓa ta buɗe. "Sun ce ana raɗe-raɗin Nouhou Ilya, ɗan Damagaram mai buga gefen hagu, zai koma Beljiyam."

"Jiya ina suka ce?"

"Tsibirin Corse, Baba."

"Shekaranjiya fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ja'afaru ya amsa mata da fara'a. "Brest, Alhaji. Can bakin teku, inda ko masallaci ban ji labari ba."

Abin da ya faru shi ne kwantiragin Nouhou da kulob ɗinsa na Paris ya ƙare, ba su kuma sabunta ba. Yanzu shi mai kansa ne, duk inda aka gayyace shi zai iya zuwa. Sahadatou ta yi wa mahaifinta wannan bayani ya fi sau biyar.

"Na gane sarai," in ji Alhaji. "Bara an ce za a sayar da shi, na ce ba ni ba wa abin sayarwa 'yata. Bana an ce ba mai iko da shi, ashe ba shi da aiki ke nan."

"Baba..."

"Tsaya ki ji, Auta. Ba na ƙin yaron nan. Amma ni na ɗauki uwarki daga Damagaram na kai ta Abidjan, daga Abidjan Marseille, daga Marseille nan. Shekara goma sha ɗaya tukwanenta ba su fita daga kwali ba. Na yi wa Allah alkawari ba za ki yi irin wannan zama ba. Ba zan yi miki dole ki auri kowa ba. Amma Nouhou, in bai kawo mini takardar zaman shekara uku a gari guda kafin Sallar Layya ba, to ya nemi wata."

Sallar Layya saura wata guda.

Ja'afaru ya ninke jaridarsa a hankali, kamar mai ninke sabuwar shadda.

*

Ran Laraba da la'asar wayar gidansu ta yi ƙara. Sahadatou ta sani Nouhou ne, don ran Laraba yake sayen katin waya ya shiga ɗakin gilashin da ke bakin hanya a Porte de la Chapelle, kusa da masaukinsu na Paris. Tana jin gunjin motoci a bayansa.

"Sahadatou, kina lafiya? Ya Inna? Ya Baba?"

"Lafiya lau. Kai fa? Ya Beljiyam?"

Ya yi dariya. "Yau can aka kai ni? Wallahi ni ma a jarida nake jin tafiye-tafiyena. Abokan ɗakina har sun fara ba ni saƙon in sayo musu cakulan Beljiyam."

"Kai dariya kake yi." Muryarta ta karye. "Ni ce nake karantawa da bakina, Nouhou. Kullum da safe ni ce nake gaya wa Baba wani sabon gari. Ja'afaru na zaune yana kallona. In na gama in shiga bayan kanti in yi kuka cikin buhunan shinkafa, in wanke ido, in fito in auna wa mata barkono."

"Ki daina kuka, don Allah. Katin nan ba ya da yawa, kada ya ƙare a kan hawaye."

"To ka faɗi gaskiya. Ina za ka?"

"Duk abin da suke rubutawa ba wanda ya kira ni. Mutum guda ne ya kira, jiya. Kin san daga ina?"

"Ina?"

"Vénissieux."

Ta dafe bango. Vénissieux da ake zuwa a bas daga ƙofar kantinsu!

"Akwai kulob ɗin rukuni na biyu a can. Mai shi wani Monsieur Berthaud ne, mai masana'antar biskit. Ya ce in zo ran Asabar in sa hannu."

"Shekara nawa?"

"Guda."

"Baba ya ce uku."

"Na sani. Amma shekara guda ina ganin ki kullum, ina gaida Baba kullum, wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi. In na ce uku, mutumin ya fasa, na rasa duka. Ba ni da wakili, Sahadatou, ba ni da uba a ƙasar nan. Ƙafa kawai gare ni."

"Ba ka san Baba ba. In ya ce uku, ko biyu da wata goma sha ɗaya..."

Wayar ta yi ƙit. Kati ya ƙare.

Ta juya ta ga mahaifiyarta, Hajiya Biba, tsaye a ƙofar madafa da muciya a hannu. Ta ji komai. Sahadatou ta faɗa jikinta tana kuka.

"Ke, tashi, za ki sa mini tuwo ya kama," in ji Hajiya Biba. "Ki aika masa ya zo ya gaida babanki kafin ya sa hannu. Ya gaya masa komai, kada ya rage."

"Inna, ai korar sa zai yi."

"Shekara talatin da biyu ina zaune da mutumin nan. Zai iya ganin gida na cin wuta ya ƙarasa alwalarsa. Amma ya ga ana ciniki marar kyau ya yi shiru, wannan bai taɓa iyawa ba."

*

Ran Asabar Nouhou ya shigo jirgin ƙasa mai sauri, awa biyu daga Paris. Ya iso kanti da farar riga da hula, ya tuɓe takalmi a bakin tabarmar Alhaji, ya durƙusa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Paris da na gida. Ja'afaru na gefe a kan kujera. Sahadatou ta laɓe bayan labulen atamfa, ta bar wa ido 'yar kafa.

Nouhou ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Shekara guda ya taya," in ji Alhaji. "Kai ka ce nawa?"

"Ban ce komai ba, Baba. Na ce na gode."

"Ka ce ka gode."

"I, Baba."

"Tayin farko?"

"I."

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi. "Ka ce masa kana da wani mai so?"

"A'a. Na gaya masa shi kaɗai ya kira ni."

"Innā lillāhi!" Alhaji ya dafa gwiwa. "Kai ɗan Damagaram ne kuwa? Ko kaza aka kai kasuwa ba a sallama ta a tayin farko. Wa ya raine ka?"

"Kakata, Baba. Ba ta kasuwanci."

"Ga shi kuwa na gani. To me ya sa na Paris suka sake ka? Kada ka ɓoye mini."

Nouhou ya taɓa gwiwarsa ta dama. "Da sanyin bara na ji ciwo a nan. An yi mini aiki, na yi wata biyu ban buga ba. Ta warke sarai, amma sun tsorata. Ba su faɗa wa jarida ba."

Ja'afaru ya yi gyaran murya. "Ka ji ko, Alhaji? Ga rashin gari, ga rashin aiki, ga..."

"Biba!" Alhaji ya ɗaga murya. "Miƙo mini babbar rigata mai aska takwas. Ba za a yi wannan abin kunya da ɗan garinmu ina raye ba. Auta, fito daga bayan labulen nan, tun ɗazu nake ganin ƙafarki. Ke ce tafinta."

"Baba, ai ni ina jin Faransanci," in ji Nouhou.

"Haja ba ta magana a wurin ciniki. Kai naka zama."

Ja'afaru ya miƙe da sauri. "Alhaji, ni sai in yi muku tafinta. Wurin maza ne."

"Kai ka tsare mini kanti, Ja'afaru. Ga jaridarka nan, ka karanta. Na ga idonka ya warke."

*

Ofishin Monsieur Berthaud yana saman bene, tagarsa na kallon filin wasa. Gajere ne mai jan fuska, ga faranti cike da biskit a gabansa, ga takarda an riga an buga. Da ya ga dattijo cikin babbar riga ya shigo da budurwa a bayansa, sai ya dubi Nouhou.

"Wakilinka ne?"

"Dillali ne, ki ce masa," in ji Alhaji. Ya zauna, ya ɗauki biskit guda, ya ɗanɗana, ya yaba. Ya tambayi lafiyar iyalin mutumin, da ma'aikatansa, da yadda kasuwar fulawa take. Sahadatou na juya maganar zuwa Faransanci. Sai da aka yi minti goma sha biyar ana wannan kafin ya nuna Nouhou da haɓa.

"Gaya masa yaron nan ba ya shan giya, ba ya shan taba. Kafin rana ta fito ya tashi. Gaya masa na aika kaset har Damagaram na tambayi asalinsa, aka aiko mini da kaset biyu, ba wanda ya faɗi sharrinsa. Duk wata yana aika wa kakarsa abin cefane. Bai taɓa ɗaga wa babba murya ba."

Sahadatou ta tsaya baki buɗe. Ba ta taɓa sanin an aika kaset ba.

"Fassara mana, Auta, kin tsaya kallona."

Ta fassara. Kowace kalma ta fito mata da zaƙi. Nouhou ya ƙura wa takalminsa ido.

"Gaya masa a wasa talatin ya ci tara, ya ba wasu goma sha ɗaya suka ci."

"Baba, ina ka san wannan?"

"Wata guda ana karanta mini jarida kullum, kin zaci barci nake yi?"

Monsieur Berthaud na gyaɗa kai yana murmushi. Alhaji ya gyara zama.

"Yanzu gaya masa aibin. Gwiwarsa ta dama an yi mata aiki bara. Ya yi wata biyu a kwance. Shi ya sa na Paris suka sake shi."

Sahadatou ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara. Ta dubi Nouhou, ya rufe ido. Ta dubi takardar da ke kan tebur.

"Baba, bai tambaya ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Shi ya sa za a gaya masa."

"Zai fasa, Baba. Ko shekara gudan za mu rasa."

"Fassara."

Ta juya ga Bature, ta ce da Faransanci wai mahaifinta ya ce Nouhou yaro ne mai juriya, ko ya gaji ba ya nunawa. Monsieur Berthaud ya ce madalla.

Alhaji ya dube ta. Ba fushi a fuskarsa.

"Auta, Faransancina kaɗan ne. Amma shekara shida likita na duba mini ƙafa, na san yadda suke kiran gwiwa. Ban ji ta fito daga bakinki ba."

Hawaye suka zubo mata. "Baba, don Allah. Ka san abin da ke kan takardar nan. Rayuwata ce. Wata guda ina karanta abin da ke kashe ni don ka ce in karanta. Wannan guda ɗaya ka yafe mini. Ai ta warke, ya ce ta warke."

"In ta warke me kike tsoro? Shekara arba'in ina kasuwa, ko yadi guda mai tabo ban taɓa ninkewa na ɓoye ba. Abin da aka ɓoye aibinsa ba ya albarka, 'yata. Kina so a gina miki ɗaki a kansa?"

Nouhou ya buɗe ido. "Faɗa masa, Sahadatou."

"Kai, na ce haja ba ta magana," in ji Alhaji. Amma muryarsa ta yi laushi.

Ta share fuska da gefen gyale, ta ɗaga kai, ta faɗa wa Monsieur Berthaud komai. Gwiwar, da aikin, da wata biyun.

Murmushin mutumin ya ɗauke. Ya jawo takardar gabansa ya kife ta.

"Ban san wannan ba," in ji shi. "In haka ne, wata shida na gwaji. Daga nan mu gani."

Sahadatou ta juya maganar da kyar.

"Gaya masa," in ji Alhaji, "aibin da bai gani ba ni na nuna masa. To ya yarda da ni a kan alherin da bai gani ba. Ya kira likitansa yau ya murɗa gwiwar yadda yake so. In ta faɗi, ba ciniki. In ta tsaya, shekara uku."

"Uku! Ba zai yiwu ba. In likita ya yarda, in koma kan guda."

Alhaji ya kakkaɓe garin biskit daga rigarsa, ya miƙe.

"Albarka."

Ko wannan ba ta fassara ba, Bature ya gane. Alhaji ya ba shi hannu da fara'a, ya yi masa fatan alheri, ya nufi ƙofa.

*

Suka sauko daga bene. Hanyar fita ta bi ta gefen filin wasa, doguwa, ba inuwa. Alhaji na gaba yana tafiya a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sahadatou na bin sa tana shessheƙa.

"Baba, ka kashe mu."

"Kada ki waiwaya."

"Ya koma kan guda, Baba, da mun karɓa..."

"Na ce kada ki waiwaya. Kai ma, Nouhou. Yana taga yana kallon ƙeyarmu. Wanda ya fara juyawa shi ya faɗi. Kuma ka taka da ƙarfi, ya ga ƙafar."

Nouhou ya taka da ƙarfi. Wata ƙwallo da aka manta tana kwance a bakin ciyawa. Ya ɗaga ta da ƙafar dama, ya buga ta sama sau uku yana tafiya, ya aika ta can tsakiyar raga daga inda yake.

"Wannan ba laifi," in ji Alhaji, bai ko juya kai ba.

Suka wuce rabin fili. Shiru. Suka kusa ƙofar waje. Sahadatou na jin bugun zuciyarta har cikin kunne. Saura taku goma. Saura biyar.

Taga ta buɗe a bayansu.

"*Deux ans!*"

"Baba, ya ce biyu! Ya ce biyu!"

Alhaji bai tsaya ba. Ya ɗaga hannun dama sama, babbar riga ta zame zuwa kafaɗa, ya miƙe yatsu uku. Ya sa ƙafa waje.

Sai suka ji gudu a kan matakala. Monsieur Berthaud ya iso yana haki, fuskarsa ta ƙara ja, yana dariya yana zagin kansa.

"Uku! Uku, in likita ya yarda! Mademoiselle, ki tambayi mahaifinki ko zai zo ya riƙa saya mini fulawa."

Likitan kulob yana nan kusa, a unguwar Minguettes. Aka kira shi. Ya kwantar da Nouhou a kan benci, ya lanƙwasa gwiwar, ya murɗa, ya ja, ya sa shi tsalle da ƙafa guda har sau ashirin. Sahadatou na tsaye a waje tana karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Da likitan ya fito sai ya ɗaga kafaɗa.

"Wanda ya yi aikin nan ya iya. Ta fi tawa."

Aka koma bene, aka sake buga takarda. Alhaji ya sa Sahadatou ta karanta masa ita tun daga sama har ƙasa, ya sa ta maimaita wurin shekarun. Sannan ya dubi Nouhou.

"Na sallama. Sa hannu."

Nouhou ya sa hannu. Monsieur Berthaud ya turo takardar gaban Alhaji.

"Akwai wurin shaida. Sai dai dole in rubuta dangantakarsu. Monsieur mene ne ga ɗan wasan?"

Sahadatou ta juya tambayar. Alhaji ya ɗauki wani biskit, ya karya shi biyu, ya ci rabi. Bai yi sauri ba.

"Gaya masa surukina ne. In manyansa sun iso kafin Sallah, bayan Sallah da mako guda za a ɗaura. Gaya masa yana cikin waɗanda aka gayyata, ya zo da biskit."

Nouhou ya zame daga kujera ya durƙusa, ya kama hannun Alhaji da hannu biyu.

Sahadatou kuwa ta ja gyale ta rufe fuska gaba ɗaya. Kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba.

"*Qu'est-ce qu'il dit?*" in ji Bature, alƙalami a hannu. "Me ya ce?"

"Fassara mana, Auta."

Ta girgiza kai cikin gyale.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Mai ɗacin kin faɗa, mai daɗin ya gagare ki? To, Nouhou, tashi. Ciniki ya faɗa, yanzu haja na iya magana. Gaya masa da bakinka."